Geron da Ya Yi Damina a Badun

Bana ruwa ya makara har a nan Ibadan, inda ba mu saba jiransa ba. Hadari yakan haɗu da la'asar ta wajen Akinyele, ya yi baƙi ƙirin, sai iska ta zo ta watsa shi, a bar mu da zafi mai danƙo da ke manna riga a baya. Ranar Asabar na je Kasuwar Bodija sayen gero. Saurayin da nake saya a wurinsa ya ce a garinsu an yi shuka ta ƙone, an sake, yanzu kowa sama yake kallo. Rediyon da ke rataye a rumfarsa kuwa tana cewa gwamnati ta kafa kwamiti, za a raba wa manoma iri. Na ɗauki ƙwaya ɗaya daga bakin buhu na sa a haƙori, ta yi ƙas. Saurayin ya yi dariya, ya tambaye ni ko ɗanye zan ci. Ni kuwa ƙarar nan ta riga ta mayar da ni ɗakin kakata, a shekara ta biyu da fara yaƙin basasa.

A lokacin ina sakandare. Mu kaɗan ne a Sabo, unguwar Hausawa, muke zuwa boko, ni kuwa ba mai magana ba ne, don haka 'yan unguwa suka laƙaba mini Akawu. Mahaifina dillalin shanu ne. A Ibadan aka haife ni, Yarbanci a bakina kamar Hausa, ƙauyenmu na ƙasar Gumel kuwa sau ɗaya na taɓa ganinsa ina ƙarami. Abin da na sani game da shi a bakin kakata na ji, wadda duk gidan muke kira Iya.

An kawo Iya Sabo ne bayan rasuwar kakanmu, don a duba mata ido. Ta ce kwana biyu za ta yi ta koma. Shekaru suka shuɗe, amma ba ta taɓa kwance ƙunshin kayanta duka ba, kuma ba ta taɓa kiran garin da suna mai daɗi ba. Badun take ce masa, garin da takalmi ke yin gemu idan an ajiye shi. Gonar gida tana hannun ɗanta na fari, Baffa Sale, yayan mahaifina. Saboda kunyar ɗan fari, ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Sai dai ta ce “wancan na gida”.

Kowace shekara bayan girbi, Baffa yakan aiko mata da damin gero daga gonar. Ba irin na kasuwa ba ne. Gajeren zangarniya gare shi, mai gashi-gashi wanda tsuntsu ba ya son sauka a kai, kuma yana nuna da wuri, tun kafin ruwan jigawa ya ɗauke. Iya ta ce tun zamanin kakan kakanmu shi ake shukawa a gonar. Takan sa a rataye damin a jikin azarar ɗakinta, yadda ake yi a gida, ta riƙa zaro zangarniya kaɗan-kaɗan tana yin kunun azumi da fura. Tana da doka guda: ba a ƙarar da tsohon gero sai sabo ya iso. Don haka kullum akwai saura a sama.

Ɗakinta shi ne na can ƙuryar gida, kusa da rijiya. Da damina bangon yakan yi gumi, gindinsa ya yi kore. Mu da aka haifa a nan ba ma ko lura. Ita da ta lura kuwa, ba ta taɓa zama inda hatsi ke lalacewa a rataye ba.

Shekarar nan azumi ya matso, gero bai iso ba. Shanu ne suka iso. Ban taɓa ganin kara, kasuwar shanu, ta cika haka ba, ban kuma taɓa ganin shanu irin waɗannan ba: ƙashin haƙarƙari a waje, tozo ya kwanta, idanu sun zurma. Fulani suna sayarwa ne kafin su mutu a hannunsu. Jirgin ƙasa sojoji da kayansu yake ɗauka, don haka a ƙafa aka koro su, suka ratso kurmi, sammore ya kama su a hanya. Wasu a bakin kara suke durƙusawa, a yi sauri a yanka. Baba yakan dawo da yamma jikinsa na warin ɗanyar fata.

Cikin masu koren shanun akwai Malam Ɗanjuma, mutumin yankinmu, wanda yakan sauka a zaurenmu. Shi ya kawo labari. Ya ce an yi ruwan shuka, gero ya fito ya kai tsawon tafin hannu, sai sama ta rufe. Ya ƙone. Aka sake shuka bayan wani ɗan yayyafi, shi ma ya ƙone. Baffa ya yi binne da sauran irin da ke tukunya, yana fatan ruwa ya same shi a ƙasa, sai tururuwa da beraye suka tone. Yanzu ba hatsi a rumbu, ba iri a gidan kowa. Mata suna tonon gidan tururuwa, ana cin tafasa da dusa. Kuma Baffa ya ce a gaya wa ƙaninsa, idan damina mai zuwa ta faɗi ba shi da abin shukawa, zai rufe gidan ya taho Kurmi da iyalinsa.

Iya tana zaune a bayan asabari tana ji. Ta tambayi rijiyar gari, ta tambayi jakin gida, ta tambayi wata tsohuwa maƙwabciyarta, ta tambayi takwararta, ƙaramar 'yar Baffa da aka sa wa sunanta. Baffan ne kawai ba ta tambaya ba. Da Malam Ɗanjuma ya fita, ta kira ni da sunan wasan da take kirana.

“Maigida, hau turmi ka duba mini abin da ya rage a sama.”

Na hau. Bai kai rabin dami ba.

“Daga yau ba abinci ba ne,” in ji ta. “Iri ne.”

Haka muka shiga azumi. Kasuwar Baba ta mutu, don shanu sun yi yawa kuma ba sa kwana. Nama ya ɓace daga miya a gidan dillalin shanu. Umma ta koma tuƙa eba da amala, miyar kuka tsululu, wani lokaci da sahur garin rogo ne kawai a jiƙa da ruwa. Iya ba ta iya cin rogo, yana ɗaure mata ciki. Da shan ruwa sai a karɓo mata ogi a wurin Mama Rafatu, Bayarbiyar da ke bayan gidanmu. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce masara ce ta yi tsami suke kira kunu. Geronta yana rataye a saman kanta duk watan, ba ta zari ko zangarniya ɗaya ba. Kafin Sallah, zoben azurfarta ya fara zamewa daga yatsa, ta ɗaura masa zare.

Aikina a unguwa shi ne karanta jarida. Bayan la'asar Baba da abokansa sukan zauna a ƙofar gida, in karanta in fassara, idona a kan takarda don kada in haɗa ido da kowa. Labarin yaƙi ne ya cika shafuka. Farin Arewa yana can ciki, a 'yan layuka. Aka ce gwamnati ta hana fitar da hatsi daga jihohin da abin ya shafa, don kada 'yan kasuwa su kwashe. Aka ce za a haƙa rijiyoyi. Aka ce za a raba ingantaccen iri kafin damina. Dattawan suka ce Allah ya sa. Amma direbobin da ke bin hanyar Jebba suka ce sojojin da ke tsare gada ba sa tambayar ina hatsi ya nufa. Ko sama ko ƙasa, in babu takarda, a sauke.

Na sake karanta sanarwar a tsanake, na ga ba ta hana kai hatsi Arewa ba. Baba ya ce to, tunda ni ne mai Turanci, in je in karɓo takarda. Na sa kayan makaranta don a ga mutuncina. Na zauna a benci a wani ofishi tun safe, duk wanda ya zo bayana ya wuce ni, don na kasa ɗaga murya. Da rana ta karya wani akawu mai furfura ya lura da ni, ya kira ni. Mutumin kirki ne. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa na maimaita, sannan ya kira abokin aikinsa ya ce da Yarbanci ya zo ya ji, ga ɗan Hausa zai kai gero ƙasar Hausa daga Ibadan. Suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya buɗe durowa ya nuna mini. Akwai takardar masu shigo da hatsi daga Arewa, akwai ta masu kai wa sojoji abinci. Ta mai mayar da gero gida babu, don ba wanda ya yi tunanin za a buƙace ta. Ya ce in gaya wa mutanena su kwantar da hankali, gwamnati za ta ba su iri mai kyau, wanda ya fi na kakata.

Da na kawo wa Iya wannan, ta ce gwamnati ba ta san gonar ba. Ta ce a sauko da geron, za ta ɗinke shi a cikin matashin kai. Ba sojan da zai ƙwace wa matafiyi matashinsa.

Lokacin ruwan farko ya fara sauka a Ibadan. Har yau ina jin haushin ruwan nan. Yakan zo kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, kwata ta cika ta shigo tsakar gida, jan ruwa ya gangara unguwar Mokola ya tafi a banza. Iya takan zauna a bakin ƙofarta ta zuba masa ido. Wata rana na ji ta ce, a hankali, da ana ɗinke ruwa a matashi.

Ba a sa geron a turmi ba, don kada taɓarya ta fasa ƙwaya. Aka shimfiɗa tabarma a rumfa, Iya da Umma da ƙannena mata, har da Mama Rafatu da ta shigo aron wuta ta zauna, kowa ya ɗauki zangarniya yana murzawa a tafin hannu. Gashin geron yana soka, hannuwa suka yi ja. Ni aka ba faifai in riƙa tsince ƙwari da tsakuwa, don an san ba na gajiya da irin wannan. Ana yi ana hira, Iya tana ba da labarin yadda kakanmu yake sara da sungumi tana bin sa tana jefa iri tana rufewa da diddige. Rabon da in ji ta yi magana mai tsawo haka tun kafin azumi.

Amma akwai wari. Ba ƙamshin gero ba ne, warin tsohon akwati ne. Wasu zangarniyun cikinsu ya yi toka-toka. Na ga Iya ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kai baki, ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da murza. Ta sa aka shanya shi a rana duk lokacin da sama ta buɗe, ana ganin hadari a kwashe a guje.

A makaranta an taɓa koya mana tsirar da wake a kan jiƙaƙƙiyar auduga. Na roƙi Iya 'yan ƙwayoyi, ta ba ni tana mita. Na jera su a cikin gwangwanin madara, na ajiye a taga, na kuma jera geron kasuwa a wani gwangwanin don in gwada. Kullum kafin in tafi makaranta sai na duba, in ɗiga ruwa. Na kasuwa ya fasa, ya fito da fararen saiwoyi, ya miƙe kore. Na Iya ya kumbura, ya yi laushi, fumfuna ta rufe shi. Na sake da wasu ƙwayoyin, na canza auduga, na canza taga. Ƙwaya ɗaya ce ta fito da wani abu kamar zare, ta tsaya a nan.

Na kai wa Baba gwangwanayen biyu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce in je in nuna mata da kaina, shi ba zai iya ba.

Na same ta tana ɗinkin matashin da wani tsohon zanenta na saƙi. Na durƙusa na yi bayani. Na ce geron ya yi damina guda cur a ɗakin nan, danshi ya shige shi, ina jin ya mutu. Ta kawo gwangwanin dab da idonta mai gani.

“Maigida, a garinku a kan auduga ake shuka?”

Na ce a'a, gwaji ne.

“To bai san auduga ba. Bai san Badun ba. Ka bari ya ji ƙasarsu.”

Ta ci gaba da ɗinki. Ni ma a raina na so in yarda da ita. Wa ya sani, ko littafi ne bai san geron jigawa ba.

Baba ya yi abin da zai iya. Ya nemi geron kasuwa, amma wanda ake samu a lokacin na wajen lardin Neja ne, mai son dogon ruwa, ba zai nuna a gonarmu ba, kuma buhu ba ya shiga matashi. Da Malam Ɗanjuma zai koma, Baba ya ja shi gefe a gabana, ya ce ya gaya wa Yaya kada ya dogara da wannan kaɗai, ya bi layin irin gwamnati. Malam Ɗanjuma ya ɗaure matashin a cikin tabarmarsa. Iya ta rako shi har zaure, abin da ba ta taɓa yi wa baƙo ba, ta dafa tabarmar ta yi addu'a.

Sai jira. Damina ta kankama, littattafaina suka yi laushi, bangon ɗakin Iya ya sake yin kore. Azararta babu komai sai igiya. Masu zuwa daga Arewa suka fara cewa bana an samu ruwa, ba laifi, gero ya yi kyau a wurare. Matashin ma an ce ya haye gada lafiya, wani soja har ya zauna a kansa. Iya ta fara cin abinci. Ta sa Umma ta wanke mata ƙwaryar furarta. Ta ce idan sabon gero ya zo, bana kam za ta bi masu komawa, ta gaji da Badun.

Ana saura kaɗan azumi ya sake zagayowa, na dawo daga makaranta na tarar da baƙi a tsakar gida. Wani dogon mutum ramamme yana zaune a kan tabarma, ƙafafunsa duk faso, kamanninsa na Baba amma kamar an shanya shi. Baffa Sale ne. Matarsa tana gefe da yara. Na gaishe su, na dubi yaran. Babu ƙaramar, takwarar Iya. Nan take na gane ta rasu.

Iya tana ɗakinta, asabari a sake. Baffa ya matsa bakin ƙofar ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa a gajarce, kamar yadda ta saba. Sannan ta ce da ni, “Maigida, tambaye shi gona.”

Bai jira na tambaya ba. Ya yi magana kansa a sunkuye, da murya ɗaya, kamar mai ba da labarin wani. Ya ce saƙo ya iso kafin ruwa. Ranar da aka farke matashin yara suka kewaye shi. Uwarsu ta roƙe shi tafi ɗaya ta dama wa ƙaramar kunu, don lokacin ta daina karɓar tafasa. Ya hana. Ya ce irin Iya ne, na gona ne. Da ruwa ya sauka ya shuka shi duka, rami-rami, bai bar ko ƙwaya ba. Ruwa ya yi ta zuwa a kan kari. Gonakin waɗanda suka samo iri a wurin dangi ta tsallaken iyaka suka yi kore. Tasa ta tsaya ja. Ya yi ta zuwa yana tonawa da yatsa, yana samun ƙwayar ta ruɓe.

Irin gwamnati kuma ya bi layi, kamar yadda aka ce. Ya yi ta zuwa garin hakimi a ƙafa ana cewa mota ba ta iso ba. Da ta iso damina ta raba tsakiya. Dawa ce, ba gero ba, an rina ta ja da magani don kada a ci. Ya shuka. Ta yi kara, ta yi ganye har ta fi shi tsawo, ruwa ya ɗauke tana shirin fitar da kai. Ya ce ya toshe ƙofar gidan da ƙaya, ya bar wa maƙwabci jakin.

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da zanen saƙin, a ninke, ya tura shi ƙarƙashin asabari.

 Can Iya ta ɗaga asabarin da kanta. Ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba sai ran nan.

“Sale,” ta ce.

Baba ya ɗago kai da sauri. Baffa kuwa ya ƙara sunkuyawa.

“Ranar da muka murza shi na sa ɗaya a haƙori. Bai yi ƙara ba. Tun kafin yaron nan ya kawo gwangwaninsa na sani.” Ta shafa zanen a kan cinyarta. “Ba ni da wani abin da zan aika maka ne. Da na ce a gaya maka ku ci.”

Baffa ya ce Allah ya riga ya rubuta, Iya. Ta ce haka ne. Ta saki asabarin.

Ba ta koma gida ba. A azumin nan da aka kawo mata ogi ta shanye ba ta yamutsa fuska ba, har eba ta ci. Da yamma ɗaya ta kira Umma ta ce a kwance ƙunshin kayanta a jera a akwati. Ta rasu bayan an gama yaƙi, aka binne ta a jar ƙasar Ibadan. Baffa ya yi dako a kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. 'Ya'yansa da jikokinsa duk 'yan Sabo ne yanzu, wasunsu suna sayar da albasa a kasuwar Shasha, ba wanda ya san hanyar gonar. Geron nan mai gashi na yi ta tambayar 'yan kasuwa shekara da shekaru, ina kwatanta musu zangarniyarsa da hannu. Ba wanda ya taɓa ganinsa.

Saurayin Bodija ya auna mini geron ya ƙulle a leda. Rediyonsa ta gama maganar kwamiti ta koma waƙa. Na tambaye shi ko a gidansu akwai sauran iri. Ya ce babansa ya shuka na ƙarshe makon jiya, yanzu na gwamnati suke jira.